Me ya sa masu ɗaukar hoto a Japan suka rungumi hoto mai dishi-dishi?

Wai wane irin hoto ake nufi?

Hotunan titi ne baƙi da fari, akasarinsu na birnin Tokyo. Baƙin ya yi baƙi ƙirin, farin ya yi fari fat, tsakaninsu kuwa yashi-yashi ne kawai. Japanawa suna kiran salon da kalmomi uku, are, bure, boke, wato kaushi da girgiza da dishi-dishi. Za ka ga lungu da dare, fitilun talla, wayoyin lantarki sun sarƙe, rabin fuskar wata mata tana wucewa, duk kamar ta cikin hazon hunturu kake hangensu.

Wanda ya fi shahara shi ne hoton wani kare mara ubangida da Daido Moriyama ya ɗauka a 1971 a garin Misawa, inda akwai sansanin sojojin saman Amurka. Karen ya cika hoton, ya waiwayo da baki a ɗan buɗe, ido yana ƙyalli, gashinsa duk ya cukurkuɗe. Idan ka daɗe kana kallonsa sai ka ji kai ne baƙo a titin, shi ne ɗan gari.

Ba lalacewa hotunan suka yi ba? Ai ƙasar kamfanonin kyamara Nikon da Canon ce.

Da gangan ne, kuma a nan maganar take. Mutanen nan sun iya ɗaukar hoto tangaran. Moriyama, wanda aka haifa a yankin Osaka a 1938, ya zo Tokyo a 1961 ya yi shekara uku yana yaron gwanin hoto Eikoh Hosoe. Ba rashin iyawa ya dame su ba.

Duba lokacin da suke ciki. A 1964 Tokyo ta karɓi gasar Olamfik, aka kuma buɗe jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Shinkansen. Zuwa 1968 Japan ta zama ta biyu a ƙarfin arziki a cikin ƙasashen jari-hujja, shekara 23 kacal bayan an jefa mata bam ɗin nukiliya. Mujallu da tallace-tallace suka cika da hotuna masu sheƙi: iyali suna murmushi, firiji, talabijin, sabuwar mota. A waje kuwa ɗalibai sun rufe jami'o'i, ana zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da yarjejeniyar tsaro da Amurka wadda ta bar sansanonin sojanta a ƙasar. Ranar 21 ga Oktoba 1968 masu zanga-zanga suka mamaye tashar jirgin ƙasa ta unguwar Shinjuku a Tokyo. A Janairun 1969 'yan sanda suka kwashe kwana biyu kafin su fitar da ɗaliban da suka kafe a zauren Yasuda na Jami'ar Tokyo.

To mai kyamara da yake cikin wannan hayaniya, ina zai samo hoto lafiyayye ya ce shi ne gaskiya? A ganinsu hoto mai kyau ya riga ya zama bakin 'yan talla da hukuma. Sai suka ce bari hoton ya fito yadda idon mai tafiya yake ganin gari: guntu-guntu, cikin sauri, ba tare da an tsara masa komai ba. Ni dai hujjar nan ta gamsar da ni. Wanda ya taɓa kutsawa cikin cunkoso da dare ya san ba tas yake ganin komai ba.

Su wane ne suka fara?

Wata ƙaramar mujalla ce mai suna Provoke ta haɗa su. Koji Taki da Takuma Nakahira da Yutaka Takanashi da mawaƙi Takahiko Okada suka kafa ta, fitowa ta farko a Nuwamba 1968, Moriyama ya shigo a ta biyu. Sau uku kaɗai ta fito, ta tsaya a 1969. Ba daga sama suka faɗo ba: Shomei Tomatsu ya riga su ɗaukar garuruwan da ke gefen sansanonin Amurka, sannan hotunan birnin New York na William Klein, da aka buga a 1956, sun yi wa Moriyama tasiri ƙwarai.

Yaya ake samun wannan kaushin?

Rabin aikin a titi, rabi a ɗakin duhu inda ake wanke hoto. A titi sukan danna ba tare da sun kai kyamara ido ba, suna tafe ko daga tagar mota tana gudu, shi ya sa hoton yake karkacewa. Fim ɗin kuma, irin su Tri-X na Kodak mai lamba 400 (lambar da ke nuna saurin kama haskensa), sai a ɗauka da shi kamar mai lamba 1600, hasken da ya shiga bai isa ba, sannan a tsawaita wankinsa ko a ɗumama ruwan maganin. Ƙwayoyin azurfar da ke jikin fim sai su taru su yi manya, su ne yashin da kake gani. Daga nan a buga a takarda mai tsananta baƙi da fari, launin ruwan toka ya gudu. Moriyama har hoton allon talabijin da fastocin bango yakan ɗauka, ya sa su daidai da sauran.

Ina labarinsu ya kwana?

Nakahira ne abin tausayi. Ya ga salon da suka ƙirƙira don bijire wa 'yan talla, 'yan tallan sun ɗauke shi suna sayar da kaya da shi. A 1973 ya rubuta cewa ya bar shi, ya koma neman hoto tsantsa mai launi, ya ƙone da yawa daga fim-fim ɗin hotunansa na da. A 1977 rashin lafiya ta kwantar da shi, ya farfaɗo ya manta abubuwa masu yawa, amma bai ajiye kyamara ba. Ya rasu a 2015.

Moriyama kuwa ya buga littafin da ya sa wa suna bankwana da hoto a 1972, ya yi shekaru cikin ƙunci, sannan ya dawo titunan Shinjuku da 'yar ƙaramar kyamarar Ricoh a hannu. A 2019 aka ba shi lambar yabo ta Hasselblad.

Maza ne kaɗai?

A'a. Miyako Ishiuchi ta koma Yokosuka, garin da ta taso, inda sojojin ruwan Amurka suke da sansani, ta ɗauki lungunansa da wannan kaushin, ta nuna aikin a 1977. Ita ta riga Moriyama samun Hasselblad ɗin ma, a 2014.

Yanzu da waya take yin wannan da dannawa ɗaya, ba shi ke nan ba?

Yashin dai waya za ta ba ka, kuma ba laifi mutum ya gwada. Amma abin da ya kori Nakahira ke nan tun 1973: ado ya rage, dalili ya tafi. Abin da ya fi cancanta a ɗauka daga wurinsu shi ne yawan tafiya da ƙafa a gari ɗaya shekara da shekaru, da ƙin raina abin da ke gefen hanya, ko kare ne ko yagaggen fasta. Moriyama da kansa ya koma kyamarar dijital, yana kuma ɗaukar masu launi, amma har ya haura shekara tamanin titunan Tokyo yake zagayawa.