Dokar fyaɗe ta Kaduna da yaranmu na makaranta: maganar rahoton likita

Wata maƙwabciyata ta shigo mana bayan sallar isha'i, ta zauna a bakin ƙofar kicin ko mayafi ba ta cire ba. Ɗanta mai shekara 12 ya daina zuwa atisayen ƙwallo, da ya hango kocinsu sai ya shige bayan gida. Da ta lallashe shi, ya faɗa mata abin da ake yi masa a ɗakin ajiye kaya bayan kowa ya watse. Kafin ta zo wurinmu dangi sun riga sun cika mata kunne. Wani ya ce: "Yaya, kika kai ƙara kashe shi za a yi, alhakin ransa yana wuyanki." Wata ta ce ai namiji ba a yi masa fyaɗe a doka. Wani kuma ya ce tunda an kwana biyu, magana ta mutu.

Irin waɗannan maganganu ne suke yawo a gidajenmu tun watan Satumban 2020, lokacin da Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran kundin hukunta laifuffuka na jihar. Kafin gyaran, wanda ya yi wa babba fyaɗe hukuncinsa ɗaurin shekara 21 ne, wanda ya yi wa yaro kuma ɗaurin rai da rai. Yanzu idan yaron bai kai shekara 14 ba, hukuncin namiji dandaƙa ce da kisa. Idan mace baliga ce ta aikata, a cire mata bututun mahaifa sannan kisa. Idan wanda aka zalunta ya haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Dokar ba ta ware malamin boko, na Islamiyya, koci ko maigadin makarantar kwana ba, kuma kalmar da ta yi amfani da ita ita ce "yaro", mace ko namiji.

Batun kisa shi ya fi razana iyaye, to mu tsaya a kansa. Uwar da ta kai ƙara ba ita ke yanke hukunci ba. 'Yan sanda su yi bincike, Ma'aikatar Shari'a ta duba fayil, Babbar Kotu ta saurari shaidu, wanda ake tuhuma yana da lauyansa kuma yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ko an tabbatar da hukuncin, sai gwamna ya sa hannu, abin da gwamnonin Najeriya suka daɗe suna ƙin yi. Ni dai ina ganin tsananin hukuncin nan ya zama makami a hannun masu rufa-rufa. Mai laifin yawanci ɗan unguwa ne, an san iyayensa, ana sallah sahu ɗaya da shi. Da an ambaci kisa sai tausayi ya koma kansa, a manta da yaron da yake firgita cikin barci.

Amma sashen da ya fi kashe shari'o'i ba a ma cika ambatonsa ba. Gyaran ya ce idan yaron bai kai 14 ba, sai an samu rahoton likita da zai ƙarfafa shaida. Wato bakin yaro kaɗai ba ya isa a yanke wannan hukunci. Abin da uwa take fara yi kuwa shi ne ta ɗora ruwan zafi ta gasa wa ɗanta jiki, ta wanke wandon da sabulu ta shanya, don kada kowa ya gani. Da hannunta ta wanke shaida, ba ta sani ba. Abin da ya kamata shi ne a naɗe tufafin yadda suke, a tafi asibiti kafin wanka idan da hali. Jihar tana da cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitocin gwamnati a Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan, aikinsu ke nan. Gaggawar ma ta fi ƙarfin shari'a, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Na fahimci dalilin masu dokar: rai za a ɗauka, dole a tabbatar. Sai dai nauyin ya faɗa kan talaka. Iyayen da ke ƙauyen Birnin Gwari ko Kauru, kuɗin mota zuwa birni ma aiki ne. Kuma yaron da malaminsa ya ce zai kayar da shi a jarrabawa, ko kocin da ya ce zai cire shi daga ƙungiya, yakan yi watanni bai buɗe baki ba.

To idan an makara fa? A je duk da haka. Likita na iya ganin tsohon rauni ko wata cuta, kuma akwai wasu laifuffukan lalata a kundin da za a iya tuhuma da su. Wa'adin wata biyu da wasu ke faɗa yana cikin tsohuwar dokar laifuffuka ta kudancin ƙasar, ba ita ake aiki da ita a Kaduna ba.

Sai maganar sulhu. Hukumar makaranta za ta turo dattawa, a ce an sallami malamin, a mayar da kuɗin makaranta, a roƙi rufin asiri. Fyaɗe laifi ne da gwamnati ke tuhuma, mai unguwa ko shugaban makaranta ba su da ikon kashe shi. Malamin da aka sallama shiru kuwa, zangon karatu mai zuwa yana wata makarantar. Gidan marin Rigasa da 'yan sanda suka fasa a Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ai shirun jama'a ne ya raya shi.

Ban da shari'ar laifi, iyaye na iya kai makarantar ko ƙungiyar ƙwallon kanta ƙarar neman diyya saboda sakaci, musamman idan an taɓa kai ƙorafi aka share. Don haka duk ƙorafi a yi shi a rubuce, a riƙe kwafi, kada a goge saƙonnin WhatsApp. Idan makarantar gwamnati ce a ga lauya da wuri, saboda akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku da lauyoyinsu kan fake da ita. Akwai kuma ƙarar take haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 34 na kundin tsarin mulki, wadda ƙa'idojin kotu na shigar da irin wannan ƙara na 2009 suka ce wa'adi ba ya kashe ta. Marar kuɗin lauya ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Maƙwabciyata da safe ta tafi asibiti da yaron, mijinta bai raka ta ba. Wandon ta riga ta wanke shi tun ranar farko. Saƙonnin da kocin yake turo wa yaron a wayarta suna nan, su ta miƙa wa 'yan sanda tare da takardar likita.