Toshe kafofi da kare bodi daga zafi a motar haɗa-da-kanka

Motar haɗa-da-kanka ita ce wadda kamfani ke sayarwa gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa abarsa. Fitacciya a cikinsu ita ce Lotus Seven ta 1957, wadda Caterham ya ci gaba da ƙerawa daga 1973. Galibi shasin na bututun ƙarfe ne, bodin kuwa fallayen alminiyum ne ko faiba. Tun da ba a yi musu walda da shasi, duk inda suka haɗu akwai kafar da ruwa, zafi da hayaƙi za su bi.

Liƙin kafofin yana zuwa ne kafin a buga ribit, wato ƙusar da ke matse falle a jikin shasi. Ana huda ramuka da tazarar kamar milimita 50, a cire fallen, a kakkaɓe garin ƙarfen da hujin ya bari, domin shi ne farkon mai tsatsa. Sai a goge mahaɗar da sinadarin isofurofil mai cire maiƙo, a zizara gam na foliyuritan irin Sikaflex 221 a kan bututun, a mayar da fallen, a buga ribit tun gam ɗin bai yi fata ba. Aikinsa biyu ne: hana ruwa shiga, da raba alminiyum da ƙarfe, waɗanda in suka haɗu cikin danshi alminiyum ɗin ke cinyewa, ya yi farin gari kewaye da ribit. Danshin iska ke busar da gam ɗin, kusan milimita 3 a awa 24. Faiba kuma tana fitowa daga mazubi da kaki a jiki. In ba a ci ta da samfefa ba, gam ɗin ɓarewa yake yi ɗungurungum.

Silikon na banɗaki, mai warin tsami, kuskure ne: yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi.

Bangon da ke tsakanin inji da direba ya fi ko'ina muhimmanci. Kowane ramin waya a sa masa zoben roba, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid marar wari mai kisa. Takardar alminiyum mai mayar da zafi gefen inji ake fuskantar da ita, da ɗan fili gabanta.

Rurin fallaye kuwa tabarmar butil, wato roba mai danƙo, mai kaurin milimita 2 ke kashe shi, ba ma sai an rufe fallen duka ba. A kanta ake shimfiɗa soso mai rufaffun ƙwayoyi, wanda ruwa ba ya shigarsa, don na katifa shan ruwa yake yi. Ramukan tsiyayar ruwa na ƙasan ƙofa a bar su a buɗe.