Sojojin gida na jihar Virginia: daga ina suka fito, kuma yaya ake tuna waɗanda suka mutu?

Mai sauraren labaran Amurka yakan ji an ce gwamnan wata jiha ya kira dakarun National Guard, wato sojojin gida na jiha, saboda ambaliya, ko guguwa, ko tarzoma. Da yawa sun ɗauka 'yan sanda ne masu kakin soja. Ba haka ba ne. Mun ɗauki jiha guda, Virginia, don a ga abin da kyau, domin tarihinta ya tara duka: tsufa, da abin alfahari, da abin kunya, da wata asarar rayuka da har yau ba a daina maganarta ba.

Su wane ne waɗannan dakaru?

Mutanen gari ne da ke da sana'arsu. Wani malamin makaranta ne, wani makanike, wata ma'aikaciyar asibiti. A bisa al'ada sukan sa kaki su yi atisaye ƙarshen mako ɗaya a kowane wata, da kuma mako biyu a shekara, sauran lokaci kowa na harkar gabansa. Iyayen gidansu biyu ne. A kwanakin zaman lafiya gwamnan jiha ne kwamandansu, shi zai tura su kwashe mutane daga ruwa ko buɗe hanyar da ƙanƙara ta toshe. Amma shugaban ƙasa na da ikon karɓe su ya haɗe da rundunar tarayya, kuma da zarar ya yi haka sun zama soja kamar kowane soja, ana iya kai su ko'ina a duniya.

Kenan kamar 'yan Kato da Gora ne na Borno?

Akwai kama a tushe, wato mutanen gari su tashi don kare garinsu. Amma daga nan hanya ta rabu. 'Yan Kato da Gora sun taso ne a Maiduguri a 2013 saboda wuya ta kai wuya, suna taimaka wa sojoji ba tare da sun zama sojoji ba. Na Virginia kuwa doka ce ta kafa su, horonsu da muƙamansu da makamansu iri ɗaya ne da na sojan tarayya, har da jiragen yaƙi. A Najeriya gwamna ba shi da soja ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

Yaushe aka kafa su?

A nan akwai 'yar gardama tsakanin jihohi. A hukumance, rundunar ta ƙasa baki ɗaya tana ƙirga haihuwarta daga 13 ga Disamba 1636, ranar da mahukuntan Massachusetts suka tsara mazajensu zuwa runduna uku. 'Yan Virginia sukan ce a'a, ai mu tun 1607 muke, lokacin da Turawan Ingila suka sauka a Jamestown, kowane namiji ya riƙe bindiga yana gadin sansani. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne wanda ake gadin dominsa: mutanen Powhatan ne, masu ƙasar tun asali, waɗanda baƙin suka zo suka mamaye musu gonaki.

George Washington kansa a nan ya fara. Yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya aka ba shi muƙamin manjo a dakarun Virginia, shekaru da dama kafin ya jagoranci yaƙin neman 'yanci. Bayan samun 'yanci, dokar 1792 ta wajabta wa duk Bature lafiyayye mai shekara 18 zuwa 45 ya shiga dakarun jiharsa, kuma ya zo da bindigarsa. Tsari ne mai rauni ƙwarai, wasu wuraren ranar fareti ta fi kama da ranar kasuwa. Sai dokokin 1903 da 1916 suka gyara abin: gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kuɗi da makamai, ita kuma ta samu ikon kiran su yaƙi.

Shin duk tarihin nasu na jarumta ne?

Ina! Virginia jihar bayi ce, kuma dakarun gida su ne sandan iyayen giji. A watan Agusta 1831, lokacin da wani bawa mai suna Nat Turner ya jagoranci tawaye a gundumar Southampton, su aka tura suka murƙushe shi, kuma a ramuwar gayyar da ta biyo baya an kashe baƙaƙen fata da yawa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 1859 ma su suka fara yi wa John Brown ƙawanya a Harpers Ferry, mutumin da ya so ya raba wa bayi makamai. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, yawancinsu sun bi ɓangaren Kudu mai kare bauta. Rajimanti ta 116, wadda za mu zo kanta yanzu, tana jingina asalinta ga birged ɗin Janar Stonewall Jackson na wannan yaƙin. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka a rarrabe yake, fari daban baƙi daban, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina.

Me ya faru da garin Bedford da ake yawan ambata?

Bedford ƙaramin gari ne a gindin duwatsun Blue Ridge, mutanensa a 1944 ba su wuce 3,200 ba. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, samarin garin da na ƙauyukan kewaye suka riƙa shiga Kamfanin A na Rajimanti ta 116. Ba son yaƙi ya kai su ba. Dala ɗaya ake biya a kowane zaman atisaye, kuma a wancan zamani dala ɗaya kuɗi ce ga ɗan manomi. Ga kuma kaki mai ƙyalli da abokai.

Ranar 3 ga Fabrairu 1941 gwamnatin tarayya ta karɓe su. Aka yi musu horo, a 1942 aka loda su a jirgin ruwa Queen Mary zuwa Birtaniya, suka shafe kusan shekara biyu suna atisayen sauka a gaɓar teku. Da asubar 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka tsallaka zuwa Normandy a Faransa, Kamfanin A yana sahun farko a gaɓar da aka laƙaba wa Omaha. Wajen ƙarfe shida da rabi na safe ƙofofin kwale-kwalensu suka buɗe daidai gaban ramukan Jamusawa da ke kan tudu. Bama-baman da aka jefa tun farko ba su taɓa waɗannan ramuka ba. Ga kaya masu nauyi a baya, ga ruwa, ga fili fetal babu abin fakewa. Cikin 'yan mintoci kamfanin ya tashi daga aiki. 'Yan Bedford talatin da 'yan kai ne suka fita a ranar, 19 daga cikin na Kamfanin A ba su ga faɗuwar rana ba, har da kwamandansu Kyaftin Taylor Fellers, shi ma ɗan garin.

Gida kuwa shiru, mako ya bi mako, wasiƙu suka daina zuwa. Sai a tsakiyar Yuli labari ya iso. Na'urar tangaraho ta garin tana cikin wani kantin magani ne, wata budurwa ke kula da ita. Safiyar Litinin 17 ga Yuli ta kunna na'urar kamar kullum, sai saƙonni suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, dukkansu da kalmomin ta'aziyya iri ɗaya, sunan ne kawai ke canzawa. Kuma kusan kowane suna ta san mai shi. Haka aka riƙa neman wanda zai kai takarda gona kaza, wanda zai kai masana'anta.

Gidan Hoback 'ya'ya biyu suka rasa, Bedford (mai sunan garin) da Raymond. Ba a taɓa samun gawar Raymond ba. Wani soja ne ya tsinci Littafinsa Mai Tsarki a kan yashi, ya ga suna da adireshi a ciki, ya aiko wa iyayen. Akwai kuma tagwaye, Ray da Roy Stevens, da aka sa su a kwale-kwale daban-daban. Na Roy ya nutse kafin ya kai gaɓa, aka tsamo shi da rai. Ray ya kai gaɓa, can ya mutu.

Me ya sa asarar ta taru a gari ɗaya haka?

Wannan shi ne halin sojan gida. Rundunar tarayya tana gauraya mutane, ɗan gabas kusa da ɗan yamma, saboda haka idan kamfani ya halaka, makokin yakan watsu a faɗin ƙasa. Kamfanin sojan gida kuwa unguwa ce aka ɗauko aka sa mata kaki: wa da ƙani, 'yan aji ɗaya, surukai, maƙwabta. Hakan na sa su riƙe juna da gaske a fagen fama. Amma ranar da abin ya ɓaci, harsashin minti goma yakan faɗa kan layi ɗaya na gari. Shi ya sa ake cewa, idan aka auna da yawan jama'a, babu garin Amurka da ya yi asara irin ta Bedford a wannan rana.

To yaya ake tuna su yanzu?

Da suna, ɗaya-ɗaya. Bayan yaƙi gwamnati ta ba iyalai zaɓi, ko a dawo da gawa gida ko a bar ta inda ta faɗi. Wasu 'yan Bedford suna maƙabartun garinsu, wasu suna maƙabartar Amurkawa ta Colleville-sur-Mer, a kan tudun da ke kallon gaɓar Omaha, cikin kaburbura sama da 9,300. Sunan Raymond Hoback yana jikin bangon waɗanda ba a ga gawarsu ba.

A Bedford ɗin kanta aka gina wurin da ƙasa baki ɗaya ke tunawa da ranar saukar Normandy, bayan fafutukar tsofaffin sojoji irin su Bob Slaughter na Roanoke, wanda shi ma ya sauka a Omaha tare da Rajimanti ta 116. Shugaba George W. Bush ya buɗe shi ranar 6 ga Yuni 2001. Babbar ƙofar dutsen da ke tsakiya tsawonta ƙafa 44 da inci 6, wato shekarar 44, wata na shida. A ƙasanta akwai tafki da gumakan sojoji na tagulla, wani na kutsawa cikin ruwa, wani ya faɗi, ga iska da ake harbowa daga ƙarƙashi tana fantsama ruwan kamar saukar harsashi. A bango an jera sunayen sojojin ƙawance sama da 4,400 da aka tabbatar sun mutu a ranar, ba na Amurka kaɗai ba.

A Richmond, babban birnin jihar, akwai wani wurin da aka buɗe a 1956, inda aka zana sunayen 'yan Virginia kusan 12,000 a jikin gilashi da dutse, tun daga Yaƙin Duniya na Biyu. An faɗaɗa shi daga baya don a samu wurin waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan, inda aka tura sojojin gida da yawa bayan 2001. Ranar Litinin ta ƙarshe a watan Mayu ake taron tunawa na shekara: a sassauto da tuta, a ajiye furanni, a busa begila, jama'a su yi tsit.