Kuɗin Sallamar Ma'aikaci a Dokar Ƙwadago ta Nijar

Kuɗin sallama su ne jimillar haƙƙoƙin da mai ba da aiki zai biya ma'aikacinsa idan aiki ya ƙare tsakaninsu, ko korarsa aka yi, ko shi ya ajiye aikin, ko wa'adin kwantiragi ya cika, ko lokacin ritaya ya zo. A Jamhuriyar Nijar doka ce ta tsara su, kuma lissafinsu a bayyane yake: duk wanda ya san shekarun da ya yi a wurin aiki, ya kuma san ainihin albashinsa, zai iya zama da biro da takarda ya fitar da abin da yake bi. A birnin kasuwanci irin Maraɗi, inda ake ɗaukar mutane da yawa aiki da fatar baki, a gidajen burodi, gidajen mai, makarantun kuɗi, kantunan magani da kamfanonin motocin sufuri, rashin sanin wannan lissafi yana sa ma'aikaci ya tafi da ƙasa da haƙƙinsa yana godiya.

Tushen doka

Asalin tsarin ya fito ne daga kundin dokar ƙwadago da Faransa ta kafa wa ƙasashen da take mulka a ranar 15 ga Disamba 1952. Bayan samun ƴancin kai Nijar ta yi nata kundin a 1962, ta sabunta shi a 1996, sannan ta kafa wanda ake aiki da shi, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Amma alƙaluman da ake lissafin diyyar kora da su, da tsawon wa'adin sanarwa, sun fito ne daga yarjejeniyar bai ɗaya ta sana'o'i da wakilan masu ba da aiki da na ma'aikata suka sa wa hannu ranar 15 ga Disamba 1972, wadda aka sabunta a 2022. Kwantiragin mutum ko yarjejeniyar kamfani na iya ba ma'aikaci fiye da abin da waɗannan suka tanada, amma ba za su ba shi ƙasa da haka ba.

A idon doka, ma'aikaci shi ne duk wanda yake yi wa wani aiki a ƙarƙashin umurninsa ana biyansa lada. Mai gadi, direba, mai tuya a gidan abinci da akawun banki duk sun shiga. Ma'aikatan gwamnati na dindindin ne ba sa ciki, domin suna da dokarsu daban, kuma asusun CARENI ne ke kula da fanshonsu. Waɗanda suka saba jin maganar garatuti a gidajen rediyon Katsina da Kano su lura cewa tsarin Nijeriya dabam ne, tun da ta koma fanshon adashi a 2004. Lissafin can ba ya aiki a nan.

Abin da ke cikin lissafin

Farko dai akwai albashin kwanakin da aka yi aiki a watan ƙarshe, tare da duk wani albashin baya da ba a biya ba da kuɗin ƙarin awoyi. Wannan ba ya faɗuwa ko da wane irin laifi aka kori mutum, domin ladan aikin da ya riga ya yi ne.

Sai kuɗin hutun shekara da bai ci ba. Doka ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, kwana 30 ke nan a shekara, da cikakken biya. Wanda ya bar aiki da sauran kwanakin hutu a hannun mai gida, a mayar masa da su kuɗi. Shi ma wannan haƙƙi ba ya faɗuwa saboda laifi ko murabus, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi a ƙananan wuraren aiki, inda mutum kan yi shekaru bai taɓa tafiya hutu ba in ban da ranakun Salla.

Na uku shi ne wa'adin sanarwa. Wanda yake son raba gari, mai gida ne ko ma'aikaci, sai ya sanar da ɗan'uwansa a rubuce kafin ranar rabuwa: kwana 8 ga wanda ake biya a awa, a yini ko a mako, wata ɗaya ga mai albashin wata, wata uku ga manyan ma'aikata. A cikin wa'adin ana ci gaba da aiki ana biya, kuma ana ba ma'aikaci lokaci a kowane mako ya nemi wani aikin ba tare da an taɓa albashinsa ba. Idan mai gida ya ce yau ma kada ka dawo, to sai ya biya kuɗin wa'adin gaba ɗaya. Hukuncin yana cin kowane ɓangare: ma'aikacin da ya ajiye aiki dare ɗaya, shi ma ana iya bin sa kuɗin wa'adin.

Diyyar kora

Wannan ce mafi nauyi a lissafin wanda ya daɗe a wuri. Tana wajaba ne idan mai ba da aiki shi ya kawo ƙarshen kwantiragi marar wa'adi, ma'aikacin ya cika shekara ɗaya a wurin, kuma ba a kan babban laifi aka kore shi ba.

Ana fara fitar da matsakaicin albashin wata: a tara duk abin da ma'aikacin ya karɓa a watanni 12 na ƙarshe a matsayin ladan aiki, albashin tushe da ƙarin daɗewa da sauran alawus na aiki, a raba gida 12. Ba a sa kuɗin da aka mayar masa saboda ɗawainiyar da ya yi wa aikin daga aljihunsa, kamar kuɗin masauki a tafiyar aiki. A nan ake yawan tauye ma'aikata, domin wasu masu lissafi kan ɗauki albashin tushe kaɗai, alhali a wurare da dama alawus ɗin sun kai wani babban kaso na abin da mutum ke kai wa gida.

Daga wannan matsakaici ake ɗaukar kaso a kan kowace shekarar aiki: kashi 20 cikin 100 a kowace shekara daga ta farko zuwa ta 5, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 a duk shekarar da ta haura 10. Guntun shekara ma ana lissafa shi gwargwadon watanninsa. Kowane zango da nasa kaso. Wanda ya yi shekara 12 ba a lissafa masa shekarun duka a kan kashi 35, ba kuma a mayar da su duka kan kashi 20.

Ga misali da kuɗin sefa, inda jika ɗaya take tamma 1,000. A ƙaddara wani mai sayar da mai ya yi shekara 12 da wata 6 a wuri ɗaya, matsakaicin albashinsa jika 120, aka sallame shi ranar 10 ga wata ba laifi ba sanarwa, kuma rabonsa da hutu wata 6. Shekaru biyar na farko sun ba shi albashin wata ɗaya cif, jika 120. Biyar na biyu sun ba shi wata ɗaya da rabi, jika 180. Sauran shekara biyu da rabi a kan kashi 35 sun ba shi jika 105. Diyyar kora ta tashi jika 405. A ƙara jika 120 na sanarwa, jika 60 na hutun kwana 15, da jika 40 na kwana 10 da ya yi aiki: jimilla jika 625, kafin a cire abin da doka ta ce a cire.

Idan korar ta tattalin arziki ce, wato kasuwa ta ja baya ko an rufe wani sashe aka rage ma'aikata, doka ta ƙara wata diyya ta musamman daidai da cikakken albashin wata ɗaya, wadda ba a cire mata haraji, kuma wanda aka rage yana da fifiko na shekara biyu idan wurin ya sake ɗaukar masu irin aikinsa. A misalin nan kuɗin za su kai jika 745.

Da mutumin nan shi ya rubuta takardar murabus, abin da zai karɓa jika 100 ne kacal, na kwanakin aiki da na hutu. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa wasu masu gida ke lallashin ma'aikaci, ko su matsa masa, ya rubuta da hannunsa cewa shi ya ajiye aiki, a ce masa don kada sunansa ya ɓaci. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya kamata ya ɗaga ƙafa ya nemi shawara kafin ya sa hannu, domin layi biyu ne ke share masa haƙƙin shekaru.

Sauran hanyoyin rabuwa

Babban laifi, kamar sata da ta tabbata ko dūkan abokin aiki, yana zubar da kuɗin sanarwa da diyyar kora. Sai dai faɗar mai gida ba ta isa ba. Idan aka je gaban shari'a, alƙali ne ke auna ko laifin ya kai wannan matsayi. Korar da ba ta da ƙwaƙƙwaran dalili kuwa tana jawo wata diyya ta daban, wadda kotu ke yankewa a kan sauran haƙƙoƙin. Wakilin ma'aikata ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago.

Kwantiragi mai wa'adi, irin wanda ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara suka fi bayarwa a jihar Maraɗi, yana ƙarewa ne a ranar da aka rubuta, ba diyyar kora, amma albashi da kuɗin hutu suna nan. A lokacin gwaji kowa na iya janyewa ba sanarwa. Mai tafiya ritaya yana karɓar kuɗin tafiya ritaya daga mai gidansa, waɗanda ake gina lissafinsu a kan shekarun aiki da matsakaicin albashi, kuma ba su da alaƙa da fanshon da CNSS, asusun ƙasa na inshorar ma'aikata, ke biya daga shekara 60. Idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, haƙƙoƙinsa na magada ne.

Abin da ake cirewa da takardun da ake bayarwa

Daga ɓangaren da yake albashi ne ana cire kason ma'aikaci na CNSS, kashi 5.25 cikin 100, da harajin albashi. Ana cire kuɗin da ya karɓa tun kafin lokacin biya, in akwai shaida. Doka ta hana mai gida ya ci ma'aikaci tara, don haka ba a ƙirƙiro hasarar kaya a ranar sallama a zabtare kuɗin mutum da ita.

Dole ne a ba mai tafiya takardar shaidar aiki, mai ɗauke da ranar shigarsa, ranar fitarsa da irin ayyukan da ya riƙe, ba tare da an rubuta wani abin da zai ɓata shi ba. Ana kuma ba shi takardar lissafin ƙarshe, wadda yawanci da Faransanci take, a kanta an rubuta solde de tout compte. Mutane da yawa sun ɗauka sa hannu a kanta ya rufe ƙofa. Dokar Nijar ta ce wannan rubutu ba ya hana ma'aikaci neman abin da ya rage masa, kuma karɓar kuɗi ba tare da ƙorafi ba ba ya nufin ya yafe sauran.

Sallamar kasuwa

Tun kafin waɗannan dokoki su shiga bakin jama'a, kasuwancin Maraɗi yana da nasa tsari. Yaro kan zauna a hannun Alhaji shekaru, yana tsaron shago a babbar kasuwa ko yana rakiyar kaya ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, ubangidan yana ci da shi, yana tufatar da shi, sau da yawa ya yi masa aure. Idan lokaci ya yi sai a sallame shi da jari, wani lokaci har da rumfa da amanar masu ba da kaya bashi. Attajirai da dama a garin ta wannan hanya suka tashi, kuma ubangida mai tsoron Allah kan ba da abin da ya ninka lissafin doka, yana tuna hadisin da ya yi umurni a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Raunin tsarin shi ne komai ya rataya a kan halin mutum ɗaya da tsawon ransa. In an ɓata kafin sallama, ko Alhaji ya rasu dukiya ta shiga rabon gado, yaron da ya ba da ƙuruciyarsa kan fita hannu rabbana. Ya dace a san cewa rashin rubutaccen kwantiragi ba ya fitar da mutum daga inuwar doka: kwantiragi marar wa'adi yana ƙulluwa da baki, kuma ana tabbatar da shi da kowace irin hujja, shaidu, littafin biya, katin aiki ko saƙonnin tura kuɗi ta waya. Wahalar tana wajen tabbatar da ranar fara aiki da adadin albashi, waɗanda su ne ƙafafun lissafin duka. Shi ya sa adana takardun biya na wata-wata da lambar rajistar CNSS yake da muhimmanci tun ranar farko. Inda babu hujjar albashi, akwai aƙalla mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga tamma 30,047 zuwa 42,000 daga Janairu 2024, kuma ba a halatta a biya mai cikakken aiki ƙasa da shi ba.

Idan an yi saɓani

A Maraɗi akan fara da dattawan unguwa, shugabannin kasuwa ko malamai, kuma sau da yawa magana kan mutu a nan. In ba ta mutu ba, hanyar doka ita ce ofishin sufeton ƙwadago na jiha. Sufeto kan kira ɓangarorin biyu, ya sake lissafin a gabansu, ya nemi sulhu. In an daidaita a rubuta takardar sulhu, wadda ke ɗaure kowa. In an kasa a rubuta ta rashin sulhu, a wuce kotun ƙwadago, inda shigar da ƙara kyauta ne. Ƴan ƙungiyoyin ƙwadago irin USTN da CDTN na iya samun rakiyar wakilinsu. Idan kamfani ya karye, bashin albashin ma'aikata yana gaban na sauran masu bin bashi. Neman albashi da abin da ke bin sa yana da wa'adin shekara biyu, kuma alƙawarin baki na "dawo bayan Salla" ba hujja ba ce da za a dogara da ita idan wa'adin ya wuce.