Word na rufe kanta ana tsakiyar aiki: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan na amsa su har na daina ƙirgawa, kuma kusan kullum mai tambayar ya riga ya yi ɓarna kafin ya iso. Ya goge Office, wato tarin manhajojin da Word ke cikinsu, ya sake ɗorawa sau biyu, ya share fayilolin da bai san aikinsu ba, sannan ya zo yana cewa "har yanzu tana yi". Shi ya sa na tara su wuri guda. Maganata a kan Microsoft Word ce a kwamfuta mai Windows, kuma na bar sunayen maɓallai yadda suke a allo don kada a sha wahalar nemansu.

Word ta rufe, rubutuna na awa uku ya tafi. Shi ke nan?

Ba lallai ba, kwantar da hankalinka. Sake buɗe Word. Sau da yawa za ka ga jerin fayilolin da ta ceto a gefen hagu, ƙarƙashin Document Recovery. In ba ka gani ba, shiga File, sai Info, sai Manage Document, ka danna Recover Unsaved Documents. Word tana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10, a fayil mai ƙarshen .asd. Da ka samu, ka adana shi nan take da sabon suna. Kada ka ce sai gobe, domin rubutun da ba a taɓa adana shi ba kwana 4 kawai take riƙe shi.

Amma Malam, awa uku kana rubutu ba ka danna Ctrl da S ko sau ɗaya ba? Wannan ba laifin manhaja ba ne. Je File, Options, Save, ka mayar da minti 10 ɗin nan zuwa 3.

In goge Office in sake ɗorawa?

A'a. Shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Saitunanka da fayil ɗin Normal.dotm, mai riƙe da fasalin sabon shafi, ba sa tafiya in ka goge Office, suna nan suna jiran sabuwar. In a cikinsu cutar take, ka ɓata yininka a banza.

To daga ina zan fara?

Daga tambaya guda: a kowane fayil take rufewa, ko a fayil ɗaya? Yawancin masu zuwa wurina ba su san amsar ba, alhali minti biyu ya isa a gano. Buɗe sabon shafi ka yi ɗan rubutu. Buɗe wani tsohon fayil daban. In fayil ɗaya ne kaɗai ke kayar da ita, Word lafiyarta ƙalau, fayil ɗin ne ke da rauni, kuma amsarka tana can ƙasa.

In kuwa ko'ina take yi, riƙe Ctrl ka danna alamar Word, kada ka saki har ta tambaye ka ko ta buɗe a Safe Mode, ka ce e. Ko ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta winword /safe. A wannan yanayi tana tashi ita kaɗai, ba tare da ƙarin kayan da aka rataya mata ba.

A Safe Mode ba ta rufewa. Me ke nan?

Albishir ne. Abin da aka maƙala mata ne ke jawo fitinar. Shiga File, Options, Add-ins. A ƙasa inda aka rubuta Manage ka zaɓi COM Add-ins ka danna Go, ka cire alamar da ke jikin dukkansu. Rufe Word ka buɗe ta yadda ka saba. In ta zauna lafiya, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana rufewa kana buɗewa, har ka kama mai laifin. Na ce ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, ran da ta dawo kuma sai ya faro daga tushe. Waɗanda aka fi kamawa su ne masu mayar da rubutu PDF, masu duba nahawu, da masu jera madogara a rubutun bincike.

In ba su ba ne, saura Normal.dotm, wato fayil ɗin da Word ke ɗaukar fasalin kowane sabon shafi daga gare shi. Rufe Word gaba ɗaya, danna Windows da R, rubuta %appdata%\Microsoft\Templates. Sauya masa suna zuwa Normal.tsoho. Kada ka goge shi, don wataƙila akwai salon rubutun da ka tsara a ciki da za ka so daga baya. Word za ta ƙirƙiri sabo da kanta.

Bairos ne?

Da wuya. Ka bincika kwamfutar in kana so, amma kada ka tsaya nan.

Me ya haɗa firinta da wannan? Ni ban ma buga komai ba.

Word tana tuntuɓar firintar da aka sa a matsayin ta farko domin ta san yadda za ta tsara shafi, ko ba ka da niyyar bugawa. In direban firintar, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ya lalace, ko firintar tana kan wata hanyar sadarwa da ba ka haɗe da ita yanzu, Word na iya sandarewa tana jira. Mayar da ta farkon zuwa Microsoft Print to PDF ka gwada. In ta daina, sabunta direban firintarka.

Tana rubuta Not Responding, allon ya yi fari-fari. In kashe ta?

Ba ta minti biyar tukuna, ka kuma daina danne-danne. Sau da yawa adanawa take yi. Kashe ta a tsakiyar adanawa na cikin hanyoyin da fayil ke lalacewa.

Fayil ɗaya ne, kundin bincikena mai shafi 200. Da na buɗe shi, ko na kai wani shafi, sai ta rufe. Yaya zan cece shi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Wani fayil ɗin yana dawowa cif, wani yana dawowa da rubutu amma tsarin ya wargaje, wani kuwa ba ya dawowa. Ya danganta da inda raunin yake da kuma abin da aka yi masa bayan ya samu raunin.

Kafin komai, yi kwafinsa guda biyu ka ajiye na asalin a gefe, kada ka sake taɓa shi. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafi za ka yi. Na nanata wannan ne domin a nan ake zuwa neman gira a rasa ido: mutum ya gwada gyara a kan fayil ɗaya tilo da yake da shi, gyaran ya ci rabin rubutun, ya kuma adana a kai. Duba girmansa ma. In ya nuna 0 KB, babu komai a ciki, kada ka wahalar da kanka. Nemi tsohon kwafi a imel ɗin da ka taɓa tura wa wani, ko a Version History in a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yake.

In yana da nauyinsa, fara da gyaran Word ɗin kanta. File, Open, Browse, ka zaɓi fayil ɗin da dannawa ɗaya, sannan ka danna 'yar kibiyar da ke jikin Open ka zaɓi Open and Repair. Wani lokaci wannan kaɗai ya wadatar. Wani lokaci kuma sai ta ce ta gyara amma ta zubar da tebur ko hoto, don haka ka bi shafukan da ido kafin ka yi murna.

In bai yi ba, buɗe sabon shafi fari, ka je Insert, ka danna kibiyar Object, ka zaɓi Text from File, ka jawo kundin ciki. Dalilin da ya sa wannan kan yi aiki shi ne Word tana ɓoye bayanan tsarin fayil a alamar sakin layi ta ƙarshe da kuma wuraren da aka raba sashe da sashe, kuma a nan rauni ya fi zama. Saboda wannan dalilin ne ma, in fayil ɗin yana buɗewa ko na ɗan lokaci ne, za ka iya danna Ctrl da End, sannan Ctrl da Shift da Home, ka kwafe komai ban da alamar ƙarshen, ka manna a sabon shafi. Mai yiwuwa lambobin shafi da rubutun saman shafi su ɓace. Wannan ƙaramar asara ce, a minti goma za ka mayar.

In kuwa sai ka kai wani shafi take faɗuwa, to akwai abu guda a wurin: tebur da aka cusa cikin tebur, hoton da aka kwafo daga intanet, lissafin da aka shigar, ko tarin gyare-gyaren Track Changes da mai duba aikinka ya bari ba a karɓa ba ba a ƙi ba. Koma View ka zaɓi Draft, inda Word ba ta wahalar zana shafi, ka ga ko za ka wuce wurin. Sannan ka raba kundin biyu, kowane rabi a fayil ɗinsa. Rabin da ya kayar da ita ka sake raba shi biyu. Shafi 200, rabawa takwas ta kai ka shafi ɗaya. Aiki ne mai cin rai, na sani, amma ya fi sake rubuta babi biyar. Da ka gano abin, goge shi ka sake gina shi da hannu, kada ka kwafo shi.

Akwai kuma hanyar fita daga Word gaba ɗaya. LibreOffice Writer manhajar rubutu ce ta kyauta, kuma sau da dama tana buɗe fayil ɗin da Word ta ƙi, haka ma Google Docs. In ɗaya ta buɗe, adana shi da sabon suna a matsayin .docx ka dawo da shi. Tsarin zai ɗan motsa, musamman tebura da jerin abubuwan da ke ciki, wannan kam ka sa a ranka.

Ta ƙarshe, in duk sun ƙi: tun daga Office 2007, fayil ɗin .docx ƙunshi ne irin na zip. Sauya ƙarshen sunan kwafin daga .docx zuwa .zip ka buɗe. A foldar word za ka ga document.xml, nan rubutunka yake cakuɗe da alamomi, hotunanka kuma suna foldar media. Ko ba ka iya tsince rubutun da kanka ba, wanda ya san aikin zai iya, kuma ganinsa a wurin shaida ce cewa bai mutu ba. Akwai zaɓin Recover Text from Any File a wajen buɗe fayil, sai dai ya fi amfani a tsofaffin fayilolin .doc, kuma rubutu tsura yake bayarwa.

In Allah ya sa ka cece shi, raba kundin babi-babi, ka haɗa su sai ranar bugawa.

A kan filashi nake aikina kai tsaye. Da matsala?

Babba ma. Word tana rubuta fayilolin wucin gadi a inda fayil ɗinka yake. Filashin ya ɗan motsa a raminsa tana cikin adanawa, aiki ya lalace. Kwafo shi cikin kwamfuta, yi aikinka, rufe Word, sannan ka mayar.

Office ɗin da aka ɗora mini ba na asali ba ne. Da gyara?

Ba ni da gyaran da zan ba ka. An taɓa cikin manhajar, ba ta samun sabuntawa yadda ya kamata, kuma ba ka san me aka haɗo ka da shi ba. Ka sayi na asali, ko ka koma LibreOffice, ko ka yi amfani da Word ta intanet wadda ake shiga kyauta da asusun Microsoft. Ka daina ɗora aikin shekara guda a kan abin da ba ka san asalinsa ba.

Tawa tsohuwa ce amma ta asali.

An daina tallafa wa Office 2010 a Oktoban 2020, Office 2013 a Afrilun 2023, sai 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Za su ci gaba da buɗewa, amma in sabon Windows ya saɓa da su babu gyaran da zai zo.

Na gwada duk wannan, ko a Safe Mode tana rufewa.

Yanzu ne lokacin gyaran Office ya yi. Fara da sabunta ta daga File, Account, Update Options, in tana ba ka damar kai wa can. Sannan Control Panel, Programs and Features, zaɓi Office, danna Change. Gwada Quick Repair, ba ya buƙatar intanet. In bai yi ba sai Online Repair, wanda kusan sake ɗorawa ne, don haka ka tanadi lokaci da intanet mai ƙarfi.

In za ka kai wa wani ya duba, don Allah kada ka je da "tana rufewa kawai". Buɗe Event Viewer, shiga Windows Logs, sai Application, ka nemi kuskure mai lamba 1000 a daidai lokacin da ta rufe. Akwai layin da ke cewa Faulting module name. Rubuta sunan da ke gabansa. Ka haɗa da shekarar Office ɗinka, da abin da kake yi lokacin da ta faɗi, da abin da aka ɗora wa kwamfutar ko aka sauya a makon da matsalar ta fara.