Me Ake Nufi da "Inganta Yuraniyom" da Kashi 60?

Duk lokacin da aka taɓo maganar nukiliyar Iran sai ka ji an ce ta "inganta yuraniyom zuwa kashi 60 cikin 100", mai sharhi kuma ya ɗora da cewa tunda bam na bukatar kashi 90, akwai sauran tafiya mai tsawo. Wannan lissafi kuskure ne, kuma yana ɓatar da masu sauraro.

Kalmar "ingantawa" kanta ba ta dace ba, "tacewa" ta fi kusa, domin ba a ƙara wa sinadarin komai, cirewa ake yi. Yuraniyom da ake haƙowa iri biyu ne a gauraye: mai lamba 238 da mai lamba 235. Na biyun shi ne mai tarwatsewa ya ba da makamashi, kuma kimanin kashi 0.7 ne kawai. Kason da ake ambata, kamar 60 ko 90, yawan wannan mai lamba 235 ne a cikin gaurayen. Ana mayar da gaurayen iskar gas, a zuba cikin bututai masu juyawa da matsanancin gudu. Mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya taru a tsakiya. Bambancin nauyin ƙanƙane ne, shi ya sa ake jera ɗaruruwan injina, wannan na miƙa wa wancan. Danshi kaɗan kan lalata gas ɗin, girgiza kaɗan kan farfasa bututun. Ta nan ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet, da aka gano a 2010, ta yi ɓarna a cibiyar tace yuraniyom ta Iran da ke Natanz: ta riƙa sauya saurin juyawar.

Ga inda ruɗanin yake. Ɗauki ƙwayar zarra 1,000: bakwai masu amfani (masu lamba 235), 993 marasa amfani. Kafin bakwai ɗin su zama kashi 5, matakin man tashar lantarki, sai ka fitar da 860, a bar 140. Zuwa kashi 20, saura 35. A kashi 60, kimanin 12 ne suka rage. Kashi 90 kuwa, cire huɗu kawai, a bar takwas. A aikace wasu daga cikin bakwai ɗin kan bi shara, amma fasalin ba ya sauyawa: wahalar duk tana farko. Wanda ya kai 60 ya gama fiye da kashi 90 na aikin.

Dalilin ke nan da yarjejeniyar nukiliya da manyan ƙasashen duniya suka ƙulla da Iran a 2015 ta tsayar da ita a kashi 3.67, da ajiyar kilo 300. Amurka ta fice a 2018, Iran ta fara kashi 60 a Afrilun 2021. A ganina babu hujjar lantarki a nan. Tashar Bushehr mai megawat 1,000 daga Rasha take samun mai, man injin binciken nukiliya na Tehran kuma bai wuce kashi 20 ba. Kashi 60 makamin ciniki ne a teburin tattaunawa.

Amma masu kiran yuraniyom mai kashi 60 "bam" su ma sun wuce gona da iri. Bayan tacewa sai an mayar da gas ɗin ƙarfe, a sassaƙa shi, a kewaye shi da nakiyoyin da za su tashi lokaci guda daidai, sannan a ƙanƙantar da shi ya shiga kan makami mai linzami. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana ƙiyasta cewa kimanin kilo 42 na mai kashi 60 zai isa bam ɗaya, idan an ƙara tace shi.