Waiwaye: Fina-finan Tsofaffin Mawaƙan Country a Amurka

Fiye da shekara 40 ke nan masu shirya fina-finai da ƙaramin jari a Amurka suna komawa ga labarin mawaƙin country (salon kiɗa mai asali a karkarar kudancin Amurka) da giya da shekaru suka durƙusar, wanda ya sake miƙewa bayan kowa ya fid da rai da shi. Labarin yana da tushe a zahiri, domin kasuwar wannan kiɗa, wadda cibiyarta ke Nashville a jihar Tennessee, ba ta cika haƙuri da masu furfura ba. A 1986 kamfanin faifai na Columbia ya sallami mawaƙi Johnny Cash duk da girman sunansa, kuma sai a 1994 ya farfaɗo, lokacin da mai shirya faifai Rick Rubin ya naɗi muryarsa yana waƙa da jita kaɗai.

Fim ɗin da ya share hanya shi ne Tender Mercies na 1983, wanda Horton Foote ya rubuta, Bruce Beresford ya ba da umarni. Robert Duvall ya fito a matsayin Mac Sledge, mawaƙin da ya ƙare yana aikin ƙarfi a wani ƙaramin masauki a Texas, kuma da muryarsa ya rera waƙoƙin. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba, amma Duvall da Foote sun samu kyautar Oscar.

Bayan shekara 26 sai ga Crazy Heart na Scott Cooper, wanda aka gina a kan littafin Thomas Cobb na 1987, kuma Duvall yana cikin masu shirya shi. Jeff Bridges ya taka rawar Bad Blake, ɗan shekara 57 mai yawon waƙa a mashaya, wanda nasararsa ta zo ta hanyar rubuta wa tsohon yaronsa waƙa, ba ta cika filin wasa da 'yan kallo ba. A ganina nan ne ƙarfin waɗannan fina-finai yake, domin sun gane cewa a Nashville marubucin waƙa yana iya ci gaba da cin abinci bayan rediyo ta juya wa muryarsa baya. Bridges ma a nan ya samu Oscar ɗinsa na farko a 2010, yana da shekara 60.

A 2018 Ethan Hawke ya kai jigon inda ya fi ɗaci da fim ɗin Blaze, tarihin mawaƙi Blaze Foley wanda aka harbe a birnin Austin na Texas a 1989, wanda kuma sai bayan mutuwarsa sunansa ya bazu, har mawaƙi Merle Haggard ya sa wa faifansa na shekarar 2000 sunan wata waƙar Foley.